Yadda Na Sake Wa Safar Ɗan Hoki Tafi Da Fatar Jar Akuya

A safar hannun ɗan wasan hoki na ƙanƙara, tafi ne ke fara mutuwa. Bayanta na iya yin shekara da shekaru bai yi komai ba, don soso ne da roba mai tauri aka jera aka rufe da yadi mai ƙarfi. Tafin kuwa siriri ake yin sa da gangan, domin mai wasa ya riƙa jin sandarsa a hannu. Gumi ya jiƙa shi, ya bushe, ya sake jiƙewa, sanda na gurzarsa, har ranar da zai huje. Ni baduku ne a Maradi, dukanci na gada, takalma da jakunkuna da kube su ne aikina. Amma a daminar da ta wuce an kawo mini irin wannan safa in sake mata tafi, kuma ina son in faɗi yadda aikin ya gudana tun daga farko, saboda abin da na gani a cikinta ya fi ƙarfin ɗinki kawai.

Ɗan ƙanwata ne ya kawo ta. Karatu ya kai shi Kanada, jihar Kebek inda ake Faransanci, kuma don ya samu na kashewa ya kama aiki a ɗakin kaya na wata ƙaramar ƙungiyar hoki. Da yana yaro a rumfata yake wuni in an tashi daga lakwal, yana miƙo mini basilla, yana goga wa zare kaki. Ranar da babban mai kula da kayan ƙungiyar ya ga yadda ya kama allura ya mayar da maɗaurin sulken gwiwa da ya tsinke, bai ƙara barinsa ya yi nisa ba. Aikinsu wankin riguna ne, da shanya, da wasa ƙarfen da ke ƙarƙashin takalma, da loda jakunkuna a bas. In an dawo daga wasa a wani gari ƙarfe biyu ko uku na dare, ƴan wasa su wuce gida, su kuma su tsaya su rataye jiƙaƙƙun kaya ɗaya bayan ɗaya. Ko wasa takalmin ma ba ɗaya ake yi wa kowa ba. Ƙarfen yana da ɗan kwarmi a tsakiya da kaifi biyu a gefe, kuma kowane ɗan wasa da zurfin kwarmin da ƙafarsa ta saba da shi. Duk yana rubuce a jikin bango.

Lokacin zafinsu ba a wasa, sai wajen watan Oktoba ake komawa, shi ne ya samu ya zo ganin gida. Ya ajiye mini ƙullin leda ya ce, "Kawu, ga aiki na kawo maka, amma a waje za mu buɗe shi." Da na kwance na gane dalili. Warin gumin shekaru ne ya kama soson ciki, mai tsami, mai nauyi, wanda ya kori yaran da suka taru kallo. Ni dai na saba da majema, bai dame ni ba. Na ɗauki ta dama na juya ta. Inci 14 ce, baƙa, bakinta ya koɗe. A tsakiyar tafin, ɗan ƙasa da gindin ƙaramin yatsa, akwai rami da yatsuna biyu za su shige, gefensa ya yi baƙi ya yi santsi. Ta hagu kuwa ba ta huje ba, sai dai yatsun sun suɗe har ana ganin haske ta cikinsu.

Na tambaye shi dalilin wannan bambanci. Ya ce mai safar ta hagu yake bugu, wato hannun damansa ne ke riƙe kan sanda a sama, na hagu yana ƙasa yana hawa yana sauka. A kan sandar suna naɗa salatif na yadi su yi masa ƙulli don kada ta suɓuce, kuma wannan ƙullin ne ke murzawa a tafin hannun sama duk lokacin da mutum ya juya sanda. Sai na ga ramin daidai inda ya ce. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma daga cin da safar ta yi na san inda ya fi matsawa, na san yana jingina ƙarfinsa a gefen hannu, ba a tsakiya ba.

Tambayar da kowa zai yi ita ce me ya hana shi sayen sabuwa. Mu da ke ganin wasan a waya, gudu da haske da cikar jama'a kawai muke gani, sai mu ɗauka duk mai sanye da rigar attajiri ne. A NHL, babbar gasar da ke da ƙungiyoyi 32 a Amurka da Kanada, haka ne: mafi ƙarancin albashi a kakar 2024 zuwa 2025 dalar Amurka 775,000 ne a shekara, safa kuwa sai dai mutum ya ce a miƙo wata. Amma ƙarƙashinta akwai AHL, ƙarƙashin wannan akwai ECHL, inda ake biya mako-mako, ɗaruruwan daloli, a haɗa ka ɗaki da abokan wasa, tafiya kuma yawanci a bas. Ƙasa da nan ma akwai gasannin da mutum ke yin sana'arsa da rana, ya yi wasa ƙarshen mako a biya shi na wasan. Mafi yawan waɗanda suka ci abinci da hoki a waɗannan matakan suka ƙare. Ko Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya ta Najeriya a 1975 ya tashi a Kanada, da ya kai NHL wasa 69 ya buga, sauran shekarunsa a ƙananan gasanni da ƙasashen Turai ya yi su. Mai safata ya sha zaman bas na shekaru, yanzu ya haura talatin, yana da iyali, yana aikin rufin gidaje, yana buga wa ƙungiyar da ke kusa da garinsu a matsayin ɗan baya.

To ba kuɗi kaɗai ba ne. Ɗan ƙanwata ya ce an ba shi sabuwa ya ajiye ta a jaka, don soson tsohuwar ya riga ya lanƙwashe daidai da hannunsa, kamar yadda manomi ba ya son a sake masa ƙotar kalmen da tafinsa ya sassaƙe. Kuma ba zai iya ci gaba da ramin ba, domin dokar wasan ta hana safar da tafinta ya buɗe har hannu tsirara ya fito, saboda da shi ana iya kama rigar abokin hamayya, kuma alƙali na iya fitar da mutum minti biyu a kan haka. Can ma akwai masu sake tafi, da wani yadin kamfani mai kama da fata suke yi. Sai dai yaron nan ya cika musu kunne da labarin jar akuyar Maradi, shi kuma mutumin ya san daɗin safar fatar akuya a wajen aikin rufi. Ya ce a kai wa kawun a gani.

Kafin in taɓa reza sai da muka yi magana da shi. Ni ina faɗa da Hausa, ɗana, wato ɗan ƙanwar tawa, yana juyawa da Faransanci a saƙon murya, amsa ta dawo da dare saboda bambancin lokaci. Na tambaye shi kauri yake so ko laushi. Ya ce laushi, ko da zai rage mata kwana, don da tafi yake jin faifan robar da suke bugawa a madadin ƙwallo a bakin sanda ba tare da ya duba ƙasa ba, kuma ɗan bayan da ya sunkuyar da kai yana neman faifai shi ake bankewa. Faifan nan nauyinsa bai wuce giram 170 ba, amma daskarar da shi ake yi kafin wasa, kuma masu ƙarfin bugu na aika shi da gudun da ya haura kilomita 150 a sa'a. Aikin ɗan baya ya haɗa da tare shi da jiki.

Na ce ya turo mini hoton hannayensa a shimfiɗe kan takarda, da ma'auni a gefe. Hoton nan na daɗe ina kallonsa. Yatsan zobe na dama ya karkace daga gaɓar tsakiya ya leƙa wajen ƙaramin, gaɓar ta kumbura ta zauna haka. Farcen babban yatsan hagu rabi ne. Akwai tabon ɗinki a bayan hannu, ga kanta a gindin kowane yatsa, wadda ban san ko ta sanda ce ko ta guduma ba. Ya ce yatsan karyewa ya yi ana tsakiyar kaka, ya naɗe shi da na kusa ya ci gaba, don in ka zauna wani ya hau gurbinka ba lalle ka dawo ba. Wannan hali tsoho ne a wasan. Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga a NHL, ranar 18 ga Janairun 1958 da rigar Boston a Montreal, idonsa na dama ya riga ya mutu sakamakon faifai da ya same shi, ya ɓoye bai faɗa ba don kada a hana shi. Ni ban ce abin yabo ne mutum ya ɓoye ciwo ba. Amma duk mai cin abinci da hannunsa ya san tsoron da ke sa a yi hakan, kuma ganin wannan yatsa ya sa na ƙudura cewa ɗinkina ba zai ƙara masa zafi ba.

Na fara da wanki, ruwan ɗumi da sabulu, na matse ba tare da murɗawa ba, na shanya a inuwa inda iska ke wucewa. Damina ce, sai da na yi haƙuri kafin soson ya bushe har ciki. Sannan farkewa. Tafin ba da bayan safar aka haɗa shi kai tsaye ba, akwai wasu siraran ƙyallaye masu miƙewa a tsakanin yatsu, su ne suka haɗa sama da ƙasa. Su na so in tsirar, don ba ni da irinsu. Da bakin reza na riƙa ɗaga zare ɗaya-ɗaya, in ja da awartaki, ina sa alamar alli a duk inda kusurwa ta haɗu da kusurwa. Da tsohon tafin ya fita, na jiƙa shi kaɗan na danne shi ƙarƙashin katako ya miƙe, na kwantar da shi kan kwali na zana. Wurin yatsan da ya karkace na ƙara faɗi kaɗan na karkatar da zanen yadda hoton ya nuna.

Sai neman fata, wanda a wurina shi ne rabin aikin. Jar akuyarmu ba yau ta yi suna ba. Fatarta da ta ƴar'uwarta ta Sakkwato su ne fatake suka riƙa ƙetare hamada da su, har Turawa suka laƙaba musu sunan Maroko don ta can suke isa gare su, kuma masu safar hannu ta alfarma sun daɗe suna nemanta saboda ƙwayarta ƙanana ce a matse, ga laushi ga ƙarfi. Tun 1963 akwai cibiyar kiwonta a nan Maradi. Abin da ke ci mini rai shi ne masu kyan ɗanye suke ficewa zuwa Kano, mu dukawan gida sai mun tona kafin mu samu wadda ta dace.

Na je wurin wani tsohon majemi da muka daɗe muna hulɗa. Na ce, "Baba, ta budurwar akuya nake so, wadda ba ta haihu ba, ba tabon ƙuraje, ba kuskuren wuƙa, kuma kada a rina." Ya ce me za a yi da ita haka. Da na nuna masa safar ya sa hannunsa ciki ya dunƙule ya buɗe, ya ce wannan ai sulke ne. Rini na ƙi saboda karan dafi in ya sha gumi zai sauka a hannu. Muka riƙa ɗaga fatu muna duba su a hasken rana, don a nan ne yankan mahauci da ya yi zurfi ke bayyana, wuri ya yi haske fiye da sauran. Wadda na zaɓa jimar bagaruwa ce, launin ƙasa-ƙasa, in ka dunƙule ta a hannu ka saki sai ta buɗe ba ta bar layi ba. Na roƙe shi ya ƙara mata man gyaɗa ya sake bugunta har ta yi laushin da ya fi na jaka.

Damuwata ɗaya ce. Jimar bagaruwa in ta jiƙe ta bushe, ta sake jiƙewa ta bushe, tana iya ƙandarewa, ga gumi kuma da gishiri. Ɗana ya ce cikin filin ba sanyin kirki, ƙanƙarar ce kawai ke ƙasa da sifiri da ƴan digiri, ɗan wasa kuwa zufa yake yi sharkaf, tunda gudun ba ya barin mutum ya wuce kamar daƙiƙa 45 kafin a canza shi. Sanyin gaske a ƙarƙashin bas yake, inda jiƙaƙƙun kaya ke daskarewa a hanya. Don haka na yanki ƙyallaye daga wuya da baya da gefen ciki, na tsoma su a ruwan gishiri, na kai wa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta sa mini a firigo, in ɗauko su bushe a inuwa, in maimaita. Na ciki ya saki ya yi yaushi. Na wuya ya yi tauri. Na baya, gefen ƙashin baya kaɗan, shi ya dawo yadda yake da an ɗan murza shi. Daga nan na yanka, tsawon yatsu na bin tsawon bayan dabbar, don fata ta fi miƙewa ta faɗi, kuma ta faɗi hannu ke buɗewa. Gefen nama na juyo waje saboda ya fi kama sanda, gefen gashi mai santsi ya kwanta a fatar mutum. Na dama na yi masa ƙari, wani yanki da ya taso daga tsakanin babban yatsa da manuni ya gangara har inda ramin yake, na fere bakinsa ya yi siriri don kada a ji tudu.

Ɗinkin daga ciki ake yin sa. Sai ka juya yatsa ɗaya ya fito bai-bai, soson na ture ka, ka haɗa bakin fata da bakin ƙyalle, ka bi tsofaffin ramukan da keken kamfani ya bari. Ban huda sabon rami a yadin ba ko ɗaya, don yadin da ya tsufa in ka ƙara masa rami nan zai yage. Zaren nailan na goga da kakin zuma, allura biyu suna saɓawa a rami ɗaya, yadda ko zare ɗaya ya tsinke ɗayan na riƙe. Da hasken rana kawai na yi aikin, da safe zuwa azahar, don baƙin zare a baƙin yadi ba ya ganuwa da fitila. Kowane yatsa na gama sai in mayar da shi daidai, in sa hannuna in lalubi ciki, in na ji ƙulli ko tudu in kwance wurin.

Babban yatsa shi ya fi cin lokaci. An sa masa roba mai tauri da ke barinsa ya lanƙwasa ciki amma ba ya komawa baya, don kada ya goce in mutum ya faɗi ko sanda ta fizge. Ba ya juyuwa, sai da lanƙwasasshiyar allura, ɗinki ɗaya a ja, ɗinki ɗaya a ja. Ina cikin wannan ne ɗana ya ba mu labarin Nazem Kadri, ni da abokan hira da ke zama bakin rumfa. Ɗan asalin Lubnan ne, haifaffen garin London na jihar Ontario. A watan Yunin 2022, yana buga wa ƙungiyar Colorado ta NHL, aka banke shi babban yatsansa ya karye har aka yi masa aiki. Bai cika mako uku ba ya dawo ana wasannin ƙarshe da Tampa Bay, ya ci ƙwallon da ta raba gardama a wasa na huɗu, alhali igiyar takalminsa ma sai an ɗaure masa. Suka ɗauki kofin Stanley, wanda ake ba zakarun NHL, ya zama Musulmi na farko da ya ci shi. Al'adarsu ce kowane ɗan wasa a ba shi kofin ya wuni da shi, shi kuwa ranar 27 ga Agusta ya fara da kai shi masallacin garinsu. Abokan hira sun ji daɗin zancen masallacin, ni ma haka. Amma hankalina ya tsaya a kan wanda ya durƙusa ya ɗaure masa takalmi, da wanda ya gyara safa ta karɓi kumburarren yatsa.

Na tambaya ko ana tunawa da irin waɗannan mutane. Ɗana ya ce a jikin kofin, wanda aka fara bayarwa tun 1893, ana sassaƙa sunayen ƙungiyar da ta ci, har suna 52, kuma ba ƴan wasa kaɗai ba, har da masu kula da kaya da masu duba lafiya. Wannan ya burge ni ƙwarai, kuma ina ganin daidai ne. Ya ƙara mana da na David Ayres, mutum mai shekara 42 a lokacin, wanda ya yi aikin tuƙa motar da ke gyara ƙanƙarar fili a Toronto, wanda kuma aka taɓa yi wa dashen ƙoda da ta mahaifiyarsa. Ranar 22 ga Fabrairun 2020 masu tsaron gidan ƙungiyar Carolina biyu suka ji rauni a wasa ɗaya, aka kira shi a matsayin mai tsaron gida na ko-ta-kwana. Bugu biyu na farko suka shige shi, ƴan wasan suka zo suna kwantar masa da hankali, ya tare takwas da suka biyo baya, aka tashi 6 da 3 Carolina ta ci. Wani tela da ke zaune ya ce a maimaita masa, aka nemo hoton a waya aka nuna masa.

Da ɗinki ya kammala sai gwaji, ga shi ba sandar hoki a Maradi. Jikinta ba zagaye ba ne, kusurwa huɗu gare ta, don haka na kai wa kafinta awo ya fere mini katako, ɗana ya naɗa masa salatif ɗin da ya zo da shi ya yi ƙulli irin na mutumin. Ya sa safar, muka yayyafa wa tafin ruwa, ya riƙa juya sanda a tsakar gida yana tura murfin gwangwani a kan siminti. Ya ce ta kama, ba ta zamewa, sai dai tsakanin babban yatsa da manuni na hagu ya ɗan ja in ya buɗe hannu sosai. Na jiƙa wurin na cusa dunƙulen tsumma ya kwana a ciki, fatar ta ba da kai. Na shafe su da mai kaɗan, na naɗe a takarda, na haɗa da ragowar fatar da zare da allura biyu, don in wani wuri ya saki yaron ya iya kamawa a can.

Kuɗin aiki na faɗi abin da zan faɗa wa ɗan gari a kan aikin da ya ci wannan lokaci, da kuɗin fata. Mutumin ya aiko da fiye da haka, ya ce abin da zai biya a can ke nan kuma bai ga dalilin ragewa ba. Na kai wa tsohon majemin rabonsa daga ƙarin.

Bayan an koma wasa aka turo mini ɗan gajeren bidiyo daga ɗakin sauya kaya. Ɗaki ne mai benci zagaye, kaya rataye ko'ina, wani na naɗa salatif, wani na cin ayaba, ƙaramar yarinya da babbar riga tana yawo tsakaninsu. Mai safar ya ɗaga hannu ya dunƙule ya buɗe, ya nuna yatsan da ya karkace, ya yi magana yana dariya, haƙoransa na gaba biyu babu. Ɗana ya ce cewa yake yi karon farko ke nan da yatsan bai gogu da ɗinki ba.

Wajen tsakiyar kaka hotuna suka sake zuwa. Fatar ta yi duhu ta ɗauki sawun sanda, ɗinki bai saki ko'ina ba. Ta taɓa ƙandarewa da aka ɗora ta kan na'urar busar da safa mai hura iska mai zafi, sai na ce a riƙa busar da ita da iska mara zafi a shafa mata mai in ta bushe, kuma ta dawo. Ƙarin da na sa a dama ya fara suɗewa a gefensa na waje, wanda ya nuna mini ƙullin sandar na kaiwa har gefen hannu, gaba da inda tsohon ramin ya tsaya. Abokan wasansa biyu sun ce za su ba da nasu in an samu mai zuwa. Na riga na gaya wa majemi ya ware mini fata biyu irin waccan, kuma a sabon kwalin da na zana na faɗaɗa ƙarin ya zagaya gefen hannu da faɗin yatsa ɗaya.